Daga Tama zuwa Wayar Walda: Tarihin Haɗa Ƙarfe a Mararrabar Jega

A Amurka da ƙasashen Turai, mai mota kan sayi ɗan ƙaramin injin walda da ake kira MIG ya ajiye a garejin gidansa, ranar da bututun salansa ya ɓule ya ɗaga motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya like abinsa da hannunsa. A Jega da Aliero da Maiyama kuwa, direban da salansarsa ta fara ruri gangarawa yake yi gefen titi wurin mai walda, shi kuma ya jawo tukunyar kabaid da silindar oksijin, ko ya tayar da janareto ya ɗauki sandar walda, kafin direba ya gama cin abinci an gama aiki. Mai saurin yanke hukunci zai ce wannan bambancin ci gaba ne da koma baya: can sun kai ga sabon inji, nan an tsaya a tsohon yayi. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan hukunci ba. Tun daga zamanin tama har zuwa yau, babu wata hanyar haɗa ƙarfe da ta zauna a wannan yanki don kyanta kaɗai, babu kuma wadda ta mutu don masu ita sun gaza. Kowace ta rayu ne gwargwadon yadda kasuwa da hanya suka iya kawo mata abin da take ci kullum, ko gawayi, ko kabaid, ko wutar lantarki. Sayen doki abu ne mai sauƙi, harawarsa ce ke nuna wanda zai iya riƙe shi, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna injin MIG.

Jega gari ne da kasuwa ta raina. Bayan rasuwar Malam Abdussalam Bagimbane a 1818, ɗansa Buhari ya koma ƙarƙashin Gwandu, ya kafa garin wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara, ba nisa da tsohuwar Gimbana, wadda harin da Gobirawa suka kai mata yana cikin musabbaban hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato. Fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a nan, gishirin Foga yana shigowa daga yamma, tufafin Nufawa da na Yarbawa daga kudu, dabbobi da fatu daga arewa, sannan kamar sauran manyan kasuwannin wancan lokaci, har da bayi ake ciniki. Ayari ba ya tafiya sai da ƙarfe: gatarin saran itace a zango, basillar ɗinkin buhu da mangala, linzami da likkafa, mashi da kibiyar masu tsaro, har da marin da ake sa wa bayi. Ke nan tun asali maƙerin gari irin wannan yana da abokan ciniki iri biyu. Akwai manomin fadama da na tudu mai neman fartanya da garma da lauje, wanda zai iya jira har kasuwa ta zagayo. Akwai kuma matafiyi da abinsa ya karye a hanya, wanda ba ya son jira, ba ya kuma neman gyaran da zai shekara goma, bukatarsa abin ya kai shi zango na gaba. Wannan abokin ciniki na biyu bai taɓa barin Jega ba. Jaki ne ya koma mota, madugu ya koma direba.

Ƙarfen wancan zamani daga ƙasa ake fitar da shi. Masu tama su haƙo dutsen, su farfasa, su gina murhun yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, a hura wuta tsawon sa'o'i masu yawa har a sami curin ƙarfe haɗe da kashi, wato dattin tama. Maƙeri ya karɓa ya yi ta gasawa yana duka har kashin ya fita. Idan zai haɗa ƙarfe biyu, sai ya tura bakunansu cikin garwashin ƙirya, yaro yana zuga da zugazugi, har su wuce ja su yi fari suna tartsatsi. Ya ciro su da awartaki, ya ɗora ɗaya kan ɗaya a bisa uwar maƙera, masaba ta sauka da sauri kafin zafin ya tafi, su zama abu guda. Wannan ita ce waldar farko da ƙasar Hausa ta sani, kuma ilimi ne mai zurfi, domin da ido kaɗai ake gane launin da ya isa duka da wanda ya wuce har ƙarfe ya ƙone. Sai dai tsadarta a gawayi take. Kowane curin ƙarfe yana cin itace mai yawa, kuma ba kowane itace ke ba da garwashin da ya isa ba. Ko a lokacin ma ƙarfen waje yana shigowa: Heinrich Barth, da ya zauna Kano a 1851 ya kuma ratsa ta Gwandu a 1853, ya tarar da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus da allurai na Turai a kasuwar Kano, an ƙetaro da su Sahara. Amma abin da raƙumi ya ɗauko bai isa ya kashe murhun tama ba, saboda tsada da ƙaranci.

Abin da raƙumi ya kasa, jirgin ƙasa da mota suka yi. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929. Bai taɓa zuwa Jega ba, kuma goron da a da ake ɗorawa jakuna daga Gwanja ya koma bin teku zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya hauro da shi, abin da ya rage wa tsoffin zangunan yamma armashi. Amma dogon ya cika arewa da sandunan ƙarfe na kamfani da kuma tarkace: guntun dogo, tsoffin ganguna, daga baya sifirin mota da gatarinta da farantin jikinta. Maƙeri ya ga ƙarfen da an riga an narka, an tace, ya fi na tama ƙwari, ga shi da araha. Cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum guda ba murhun tama ya mutu a mafi yawan ƙasar Hausa, har ta kai yau da wuya a sami wanda zai iya gina shi. Ita kuwa ƙira ba ta mutu ba. Unguwar Maƙera Assada tana nan a Sakkwato, kuma a kasuwannin Kebbi har gobe ana sayar da lauje da fartanya da aka ƙera daga sifirin mota. Binciken Philip Jaggar kan maƙeran birnin Kano, wanda ya fito littafi a 1994, ya nuna yadda suka koma dogaro da tarkacen ƙarfe suka ci gaba da sana'arsu. Rabin sana'ar da abincinsa ya yi tsada ya tafi, rabin da ya sami sabon abinci ya zauna. Babu wanda ya kafa dokar hana tama, babu kuma wanda ya tara maƙera ya yi musu lacca a kan sifiri.

Mota ta dawo wa Jega da matsayinta na mararraba, domin babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilorin da Jebba da Kontagora da Yawuri da Koko, ta nan take wucewa zuwa Tambuwal da Sakkwato har iyakar Illela, ta nan kuma hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Sai dai motar ta zo da ƙarfen da masaba ba ta iya masa komai. Bututun salansa rami ne a ciki, kaurin bangonsa wajen milimita ɗaya da rabi ne. In aka sa shi a garwashi ya ƙone, in aka doke shi ya lotse. Yana bukatar wuta siririya da za ta narka bakin tsagar kaɗai ta bar sauran. Wannan wuta ta samu ne bayan Thomas Willson ya gano hanyar yin kabaid da yawa a 1892, sannan injiniyoyin Faransa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka ƙera bakin wutar da ke haɗa iskar asitilin da oksijin a 1903, harshenta ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas. A Najeriya, garejojin ma'aikatar ayyuka da na jirgin ƙasa da na manyan kamfanonin Turawa ne suka fara horar da masu wannan aiki, kuma unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya, inda baƙi daga kudu suka zauna, suka zama matattarar makanikai da masu sayar da kayan gyara. Ƙananan garuruwan kan hanya suka bi sawu: sabuwar unguwa da ta tsiro bayan tsohon gari, kusa da kwalta, ita ke karɓar gareji. Abin da ya zaunar da waldar gas a irin waɗannan wurare shi ne ba ta neman lantarki ko kaɗan. Kabaid dutse ne da ake saye a awo, a adana a gwangwani mai murfi. Shi ne ma mafarauta suka daɗe suna sa wa fitilar goshi. Mai walda ya jefa 'yan dunƙule a tukunya, ruwa ya taɓa su, iska mai warin tafarnuwa ta taso. Ya kunna bakin wutar ta fito ja da baƙin hayaƙi, ya buɗe oksijin a hankali har harshen ya tsuke ya koma shuɗi, ya kwanta a kan kwali ƙarƙashin mota da guntun waya a hannun hagu, yana ɗiga ta a tsagar yana bi da wuta.

Waldar lantarki ta zo daga baya, ita ma a bayan abincinta. Tun farkon shekarun 1900 Oscar Kjellberg, mutumin Suwidin da ya kafa kamfanin ESAB a 1904, ya ƙirƙiro sandar walda mai rufi, wadda rufinta ke ƙonewa ya kare narkakken ƙarfe daga iska. Amma ba ta yaɗu a garuruwan arewa maso yamma ba sai da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, wayoyi suka fara isa hedikwatocin ƙananan hukumomi. Kuɗin mai na shekarun 1970, da ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, suka kawo gine-ginen da ke neman ƙofa da taga da gyat na ƙarfe, kuma wannan aiki ne ya ciyar da mai waldar lantarki. A ɓangaren mota ma abubuwa sun sauya. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, lokacin da ma'aikaci ke iya sayen sabuwar 504 da kayan gyaranta sababbi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sai ƙasa ta koma ga motocin da aka gama yayinsu a Turai, waɗanda ake shigowa da su ta Legas da Kwatano. Irin waɗannan motoci suna zuwa da salansar da gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara ya riga ya ci. A nan kuma sai ta haɗu da abokan gaba na daban: ramukan hanya, tudun rage gudu, lodin da ya sa cikin mota yana shafar ƙasa, da robar rataya da ta tsinke ta bar bututu yana lilo har ya tsage a gaɓa. Motar da ta ɗauko buhunan albasa daga Aliero, ko shinkafa daga fadamun Jega, ba ta da lokacin jiran sabuwar salansa daga Kano ko Onitsha. Faci take nema, yanzu-yanzu, a farashin da bai taɓa ribar lodin ba.

A nan ne ya kamata a duba abin da MIG yake da abin da yake ci. An ƙirƙiro shi a 1948 a cibiyar bincike ta Battelle da ke jihar Ohio ta Amurka, da farko don waldar alminiyom, da iskar gas mai tsada. A 1953 masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Lyubavskii da Novoshilov, suka nuna za a iya amfani da iskar kabon dayoksaid mai araha a kan baƙin ƙarfe, sannan wajen 1958 zuwa 1959 aka samo salon da ke rage zafi har a iya like ƙarfe marar kauri. A cikin injin akwai naɗin siririyar waya, milimita 0.6 ko 0.8, da ƙaramin mota ke turowa ta cikin tiyo zuwa bakin bindigar walda. Mai aiki ya danna, waya ta fito tana narkewa, gas yana fitowa kewaye da ita yana kore iska. Babu tsayawa sauya sanda, babu ɓawon da za a kankare, kuma a kan bututun salansa yana ba da ɗinki mai tsabta ba tare da ɓula ƙarfen ba. Amma ga jerin bukatunsa: wutar da ba ta hawa da sauka, domin saurin waya da ƙarfin wuta dole su daidaita, silindar gas ta musamman, kabon dayoksaid zalla ko haɗinsa da argon, da wurin da za a sake cika ta, naɗin wayar da ba ta yi tsatsa ba, 'yan ƙananan bakunan tagulla da ke cinyewa a sauya, ƙarfen da aka goge tas, domin MIG ba ya jure tsatsa da maiƙo, sannan wurin da iska ba ta kaɗawa. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa matsala ga mai aiki a ƙarƙashin rumfa. Iskar hunturu tana kwashe gas ɗin kafin ya rufe narkakken ƙarfe, ɗinkin ya fito da ƙananan ramuka, ƙurarta kuma tana toshe tiyon da waya ke bi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, injin ya zama kayan ado.

Batun yin aikin a gida ma yana da nasa tarihin. Abin da ya kai MIG gidajen Amurka shi ne haɗuwar abubuwa uku: gareji mai rufi da ƙofa a jikin gida, wutar da ba ta ɗaukewa, da tsadar ladan makanike, wadda ta sa sayen inji ya fi biyan gyara biyu ko uku sauƙi. A Jega lissafin a juye yake. Inji da gas su ne masu tsada, ladan mai walda kuwa kaɗan ne, kuma yana nan kusa, ga yaransa masu koyon aiki. Mai hankali ba zai sayi injin ɗaruruwan dubban naira don tsagar da za a like masa da kuɗin cefanen yini ba. Bayan haka, a al'adar Hausa aikin wuta da ƙarfe bai taɓa zama abin da kowa ke taɓawa a tsakar gidansa ba. Ƙira sana'ar gado ce mai unguwarta da rumfarta da Sarkin Maƙeranta. Gidan da ke da yara da rumbu da danga da tulin kara, ba wurin tartsatsi ba ne, balle a ƙarƙashin mota, inda tankin fetur da tiyonsa ke tafiya kusa da bututun salansa.

Za a iya cewa duk wannan kare aikin da bai kai ba ne, domin ɗinkin MIG ya fi na kabaid da na sanda, kuma facin bakin titi yakan sake buɗewa bayan 'yan watanni. Akwai gaskiya a ciki. Wutar gas tana zafafa wuri mai faɗi, ta sa bututu ya lanƙwashe, kuma wayar ɗaurin da ake cikawa da ita ba a yi ta don walda ba. Sandar lantarki, ko ƙarama ce mai lamba 12, tana saurin ɓula bututu, shi ya sa gwanaye ke yin ta ɗigo-ɗigo suna ɗagawa. Salansar motocin zamani da yawa kuma ta ƙarfe marar tsatsa ce, wadda ke son wayar da ta dace da ita. Amma mafi yawan facin da ke buɗewa, gefen ɗinkin ne ke tsagewa, inda tsatsa ta riga ta cinye bangon, ko kuma robar ratayar da ba a sauya ba ta bar nauyi a kan gaɓar. Ko da MIG aka like ruɓaɓɓen bututu, haka zai yi. Gyaran da ke daɗewa shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin a sa sabon guntu, a gyara rataya, kuma wannan magana ce ta abin da direba ya yarda ya biya. Gwanin gas da aka ba isasshen lokaci da sabon bututu yana fitar da aikin da ba a raina shi. Da wutar gas aka riƙa like jikin ƙananan jiragen sama da yawa a da.

Wasu kuma za su ce rashin ilimi ne da riƙon tsohon abu, wai mai waldar bakin titi ba ya son canji. Shaidar da ke ƙasa ta saɓa wa wannan. Mutanen nan su ne suka riƙa naɗa tiransifomar walda da hannunsu daga tsohuwar wayar tagulla lokacin da na kanti ya gagara. Da wuta ta zama sai an gani, suka koma janareto. Da ƙananan injinan inbata na ƙasar Sin suka shigo, waɗanda yaro ke ratayawa a kafaɗa, cikin 'yan shekaru suka cika garejoji ba tare da wani shirin gwamnati ba, saboda sandar da suke ci ita ce dai wadda ake sayarwa a kowane shago, ga shi ba sa jan wuta kamar na da. Da noman shinkafar rani ya bunƙasa a Kebbi, musamman bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, masu walda suka shiga gyaran injinan ban-ruwa da ƙera injin sussuka da amalanke. Wanda ya leƙa Panteka a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya san ba ƙwaƙwalwa ce ta yi ƙaranci ba. Haka kuma kada a zaƙe a ce mai walda jikan maƙeri ne ta jini. Da yawa ba su da gadon ƙira ko kaɗan, a gareji suka koya, wasu a hannun iyayen gida 'yan kudu, kuma wannan ya buɗe aikin ƙarfe ga ɗan kowa. Abin da suka gada shi ne gurbin maƙeri a bakin hanya da dabararsa ta yin aiki da abin da kasuwa ta kawo.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na lafiya, kuma wannan ba a kauce masa. Tukunyar kabaid da aka haɗa a gida, wadda ba ta da abin tare wuta, tana iya fashewa in harshen ya koma baya ta cikin tiyo. Baƙin gilashin kasuwa ba ya tare hasken waldar lantarki, shi ya sa yara masu koyo ke kwana da ido kamar an zuba yashi. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Salansar da ke yoyo a ƙarƙashin motar haya tana iya shigo da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, cikin fasinjoji. Akwai kuma ɗabi'ar fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, a kwashe cikinta a sayar saboda ƙarafa masu daraja irin su filatinom da ke jikinta, a like fanko a mayar. Motocin Amurka sun fara ɗaukar wannan tukunya tun 1975 don rage gubar hayaƙi, cire ta kuwa cutar da duk mai shaƙar iskar gari ne. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabon inji zai magance. MIG ma yana ƙona ido, yana hayaƙi, yana iya lalata ƙwaƙwalwar mota in ba a cire batir ba, kuma ba ya hana marar amana fasa tukunya. Maganinsu abin tare wuta ne a tiyo, da garkuwar fuska ta gaske, da ƙungiyar masu sana'a mai iya hukunta ɗanta, kuma dukkansu sun fi injin araha.

Abin da wannan tarihi ke koya wa masu rabon kayan sana'a a bikin tallafi a fili yake. Injin MIG da aka miƙa wa saurayi a gaban kyamara, ba tare da wurin cika gas kusa da shi ba, zai yi aiki ne har silindar farko ta ƙare, daga nan ya koma ƙarƙashin gado ko kasuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace sa'a ta janareto ta zama abin lissafi, kuma duk injin da zai shigo sai ya ci wannan jarrabawa. Akwai alamun hanyar da abin zai bi. Wayar walda da ke ɗauke da maganin kare ɗinki a cikinta, wadda aka fara sayarwa tun ƙarshen shekarun 1950, ba ta bukatar silinda kuma tana jure iska, ko da yake ta fi zafi da tartsatsi a kan siririn bututu. Ƙananan injinan inbata masu cin ta suna ƙara araha, wutar sola kuma tana yaɗuwa. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, za su fi amfanar masu sana'ar in suka buɗe musu gajerun kwasa-kwasai da Hausa kan ƙarfe marar tsatsa da kariyar jiki, gwamnati kuma ta sa ƙarfinta a wuta da sauƙaƙa wa ɗan kasuwar da zai kafa wurin cika gas. Ranar da naɗin waya ya zama abin da yaron gareji zai saya a shagon kayan gini na Jega kamar yadda yake sayen sanda, masu walda za su ɗauki sabon injin da kuɗinsu, ba sai an roƙe su ba.